Shekarun da Yayana Ya Yi Yana Mai Jirgi

Babanmu ya rasu ya bar mana kamiyo ɗaya, tsohuwar mota mai jigilar kaya tsakanin Wagadugu da Lome. Mu biyu muka rage cikin 'ya'yansa, ni da yayana. Malamai suka zo suka raba gado yadda addini ya ce, kashi biyu nasa, ɗaya nawa. Mota kuwa ba a yanka ta, don haka muka zama abokan tarayya ko muna so ko ba ma so. Shi yake zuwa tasha. Ni ina nan unguwar Zongo a Wagadugu da shagona na atamfa da shadda, waɗanda nake sara a wurin Kanawa. In mota ta je ta dawo, a fitar da na mai da na duwan, wato kwastan, da na direba, abin da ya rage shi ake kira resat, Yaya ya aiko mini da nawa. Ban taɓa kama shi da cin haƙƙina ba. Na bincika kuwa.

Tarayyar mota tana da ƙa'ida. Ba a rubuce take ba, amma ba wanda bai san ta ba. Ba a shigo da sabon mutum cikin mota sai duk masu ita sun zauna, an fasa goro, kowa ya ce ya yarda da bakinsa. Wanda yake son fita kuma, abokinsa zai fara yi wa tayi kafin ya nemi bare. Da wannan Babanmu ya yi shekara da shekaru yana hulɗa da Mosawa da Yarabawa da Zabarmawa, ba a taɓa kai shi gaban hukuma ba.

Sai kuma rumfa. A tashar manyan motoci akwai wata rumfar kwano da dogon benci a ƙarƙashinta, nan masu motoci suke zama. Can ake jin wane ɗan kasuwa ne yake da siminti a bakin teku, can ake tsayar da kuɗin ɗauka, can ake raba layi. Mai shayi yana gefe, kuma ya san wanda zai fara miƙa wa kofi. Mata ba sa zama a wurin, ni ma ban taɓa sha'awa ba. Amma Yaya, in aka cire masa rumfar nan ban san abin da zai rage ba. Tun yana saurayi yake tsayawa a bayan Baba, da Baba ya rasu ya zauna a gurbinsa, tsakiyar benci kusa da shugaba. Sharaɗin zaman kuwa sananne ne: a ce kana da mota a kan hanya, ko da rubu'inta ne.

A shekarar korona injin motarmu ya buga. Kasuwanni a rufe, kaya sun yi ƙaranci, makaniki ya faɗi kuɗin da ba mu da shi. Yaya ya yi abin da duk mai mota yake yi. Aka ja ta zuwa wani fili a unguwar Cissin, aka cire batir, aka zuƙe mai, aka ɗora ta a kan duwatsu don kada tayoyi su lalace, aka lulluɓe ta da tamfol. Tsohon direbanmu ya koma ƙauyensu noma. Motar da ke kan dutse ba ta cin ko dala. Tana nan tana jira, ranar da ka sami hali ka sauke ta. Abin da Yaya ya sani ke nan, kuma gaskiya ne, in mota ake magana.

Ɗansa na fari yana Faransa, yana aiki a ofishin wata tashar jiragen ruwa. Magidanci ne mai natsuwa, sai dai Hausarsa ta tsittsinke, rabin maganarsa Faransanci. Wata rana ya turo wa ubansa bidiyo a telefon, don kallo kawai. Jirage ne farare, kowanne ya fi manyan otal-otal na tsakiyar gari, an jera su a bakin ruwa ba kowa a kansu. Ba na kaya ba ne, na yawon shaƙatawa ne. Turawa su biya kuɗi su shiga, a yi ta zagaye da su cikin teku, su ci su sha su yi barci, a dawo da su inda aka ɗauko su. Annoba ta hana jiragen fita.

Yaya ya zo shagona da tsakar rana, ya zauna a kan dilar atamfa ba tare da ya tambaya ba, ya miƙo mini telefon.

"Auta, me kika gani?"

"Na ga gidaje a kan ruwa."

"Motoci ne a kan dutse," ya ce. "Masu su sun shiga uku. Yaron nan ya ce ana sayar da kason kamfanin ga duk mai so, aksiyo suke ce masa, kuma farashin ya faɗi warwas. Abin da bara ba ya taɓuwa, bana kamar kyauta."

"To?"

"To me Baba yake yi in ya ji mai mota ya matsu?"

Baba saye yake yi. Haka ma ya sami wannan kamiyon, a hannun wani da bashi ya ci. Shawarar Yaya ita ce mu sayar da motar yadda take, a zuba kuɗin a jiragen nan, in cuta ta wuce farashi ya koma inda yake, mu fitar mu sayi mota mai ƙuruciya. Ya ce kafin damina biyu an gama.

Ya kira ɗan nasa a gabana, ya buɗe murya don in ji.

"Baba, atansiyo," in ji ɗan. "C'est pas pareil, ba ɗaya ba ne da kamiyo. Jirgi ko yana tsaye yana ci."

"Ci? Me zai ci, ba fasinja?"

"Akwai ma'aikata a ciki, akwai mai, akwai kuɗin tasha, ga bashi."

"Su cire batir mana."

"Baba, ba a..."

"Kai, tsaya. Ka taɓa mallakar ko keke?"

Ba a haifi ɗan da jayayya da uba ba, Faransa ma ba ta koya masa ba. Ya ce, "To, Baba. Gwaggo tana nan? Gwaggo, kin dai ji na faɗa." Na ce na ji.

Na yarda aka sayar. Kashi ɗaya cikin uku na matacciyar mota ba dukiya ba ce, kuma ba ni da hujjar da zan kayar da Yaya. Shi ya ga teku a Lome, ni ruwan da na sani bai wuce na baraji ba, madatsar ruwan garinmu. Sharaɗi kawai na sa: a san nawa dabam, kuma duk abin da kamfanin ya rubuto, ɗan ya turo mini kamar yadda zai gaya wa ubansa. Lokacin ina lakwal, wato makarantar manya, a unguwar Dassasgho. Bayan rasuwar mijina na shiga, ina da jikoki, don na gaji da dangwala yatsa a takardar da ban san me ke cikinta ba. In na rufe shago bayan la'asar sai in hau babur ɗina in tafi. Yaya yana yi mini dariya, wai tsohuwa da allo. Shi har yau sunansa kawai yake iya rubutawa da boko.

Wani makaniki Bamoshe ya sayi motar. Aka zauna, aka fasa goro, aka yi fatiha, ni da Yaya kowa ya ce ya yarda. Kuɗi suka tafi Faransa ta banki. Abin da ya dawo mana wasu lambobi ne a fuskar telefon.

A rumfa aka sa masa suna Mai Jirgi. Da yamma yakan biyo ta shagona ya sha zomkom, ruwan gero mai tsami da nake ajiyewa cikin randa, ya ba ni labari yana dariya.

"Wai sun ce yaushe zan kawo shi su gani. Wani ya ce in ajiye shi a baraji, yara su riƙa wanke shi."

"Ka ce musu me?"

"Na ce su fara biyan kuɗin kallo."

Ba wanda ya yi maganar benci. Mutumin da ya sayar da mota yana shirin sayen wata, ana ɗaga masa ƙafa, an saba. Mai shayi ma bai sauya komai ba.

Damina ta wuce ba resat. Ɗan ya ce kamfanin ya dakatar da rabon riba. Yaya bai damu ba, ya ce dama mota a kan dutse ba ta kawo komai. Ni kuwa ina karanta abin da ake turo mini, a hankali, yatsa a kan layi. Inda ya gagare ni in kai wa malamarmu bayan an tashi. Ita ma wani lokaci sai ta karanta sau biyu. Ba wani abu ne a ɓoye ba, abin da ɗan ya faɗa tun farko ne, sai dai yanzu yana shiga kaina. Ba a kashe injin jirgi. Gishirin teku yana cin ƙarfe ko ana tafiya ko ba a yi. Dole a bar mutane a ciki suna kula da shi, kuma mutane suna cin abinci. Kamfanin yana ta cin bashi da ruwa mai tsada, yana jinginar da jiragen. Tsofaffin ciki ya sayar wa masu fasa ƙarfe. Waɗanda suka riga suka biya kuɗin tafiya kuwa, da yawa ba a mayar musu ba, alkawari aka ba su na wata tafiyar nan gaba. Wato ranar da jirgi zai tashi, wasu kujerun an riga an cinye kuɗinsu.

Na gaya wa Yaya duk wannan. Ya ce, "Duk mai mota yana cin bashi. Ke dai lakwal ta sa miki tsoro."

Abin da ya taɓa shi ba bashin ba ne. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina gidansa muna cin benga, shinkafa da wake irin ta Mosawa, ɗan ya kira. Bayan gaisuwa ya ce kamfanin ya fitar da sababbin aksiyo masu yawa, ya sayar don ya sami abin riƙe jiragen.

Yaya ya ajiye cokali. "Sababbi kamar yaya? An ƙara jirage?"

"A'a, Baba. Jiragen dai su ne. Masu su ne suka ƙaru."

Ya dube ni. Na ce, "Yaya, motarmu ce ta mu biyu, ka wayi gari ka tarar da mutum uku a gindinta suna ce maka sannu abokin tarayya. Motar ba ta ƙara tsawo ba. Kasonka ne ya ragu."

"Wa aka tambaya?"

Ya matso da telefon kusa da bakinsa.

"Na ce wa aka tambaya? Ni ba mai jirgi ba ne? Kai, ba da kuɗina ka saya ba?"

"Da kuɗinka ne, Baba. Amma su masu gudanarwa suna da izini, c'est légal, doka ta ba su."

"Doka ta ce a shigo wa mutum da bare cikin dukiyarsa ba a zauna ba? Ko ɓarayin tasha ba sa haka."

Ya miƙe tsaye da telefon a hannu, yana zagaya tsakar gida. Matarsa ta leƙo daga madafa ta koma. Ya ce lallai sai an kira zama. Ɗan ya ce akwai zama sau ɗaya a shekara, amma ba a zuwa, ta telefon ake danna e ko a'a, kuma masu kason sun fi mutanen Wagadugu yawa.

"Danna musu ban yarda ba."

"Baba, an riga an yi."

"Na ce ka danna."

Da lokacin zaman ya zo ɗan ya danna a'a a kan duk abin da aka tambaya, har da abin da bai shafi maganar ba. Kamfanin ya sake fitar da wasu aksiyon, ya kuma sakewa. Yaya bai ƙara tashi tsaye a kai ba. Abin da yake maimaitawa kawai shi ne ko goro ba su fasa ba. A rumfa bai gaya wa kowa ba, don a wurin, mutumin da aka shigo masa da bare bai sani ba, ba tausayinsa ake ji ba.

Daga baya jirage suka koma teku. Ɗan ya turo sabon bidiyo, jirgi maƙil da mutane, ana kiɗa, tsofaffin Turawa suna rawa da gajeren wando. Yaya ya sa aka toya masa aka raba sadaka a ƙofar masallaci. Ya kai bidiyon rumfa. Can wani ya lura da layin kwalabe a bayan masu rawar, da wani ɗaki mai tebura da ake caca. Ya ce, "Alhaji, ashe jirgin naka har da mashaya?" Yaya ya ce shi jirgi ya saya, ba abin da ke ciki ba, mai mota ba ya buɗe kwantena. Aka yi dariya aka wuce. Da ya maimaita mini amsar, yana jin daɗinta, na ce masa mai mota kuɗin ɗauka yake karɓa, waɗannan kuwa su suke sayarwa da hannunsu, kuma na karanta cewa abin da ake kashewa a cikin jirgin babban kaso ne na samunsu. Ya ce zai tambayi liman. Ban sani ba ko ya tambaya.

Farashin ya ɗan hau, sannan ya gangaro, har ya wuce inda muka saya. Wannan ne Yaya ya kasa ganewa. Mota tana kan hanya, cike da kaya, a ce darajarta ta faɗi? Ɗan ya yi bayani, ni ma na yi. Abin da jirgi ya samo masu bashi ne suke fara ɗauka, mai ya yi tsada, ruwan bashi ya ƙaru, abin da ya rage kuma hannuwa sun yi masa yawa. Damina biyun da ya ce ta wuce, wata ta biyo baya.

A tasha ma abubuwa sun sauya. Hanya ta lalace da rashin tsaro, motoci ba sa tafiya sai a ayari da rakiyar sojoji, gurbi a layi ya zama abin faɗa. Sababbin masu motoci suka shigo, matasa 'yan lakwal masu telefon biyu-biyu, waɗanda ba su san Babanmu ba. Wata rana za a raba gurabe, shugaban rumfa ya ce, cikin ladabi, waɗanda ba su da mota a hanya su ɗan ba da wuri. Bai ambaci sunan kowa ba. Yaya ya tashi. Ya je wurin mai shayi ya tsaya, ya sha kofi ɗaya ya biya da kansa, ya hau babur ya tafi gida. Ba shi ya gaya mini ba. Tsohon direbanmu ne, wanda ya dawo daga ƙauye yana ja wa wani mota, ya zo sayen turmin atamfa ya ba ni labari, kansa a ƙasa.

Yaya bai koma ba. Ya tare a zaurensa da rediyo da telefon. Karatu bai iya ba, amma ya gane in layin ya yi kore an hau, in ya yi ja an sauka. Da shi yake wuni. In na je gaishe shi sai ya nuna mini, kamar mai nuna ciwo a ƙafa. Rigunansa suka yi masa yawa. Matarsa ta zo shagona ta zauna, ba ta sayi komai ba, ta ce, "Yaya ba ya cin abinci." Haka take kiransa ita ma. Na ce na gani.

Akwai wani dattijo Bakano da nake sarar shadda a wurinsa, gidansa yana nan bayan namu. Shi da ƙanensa sun sayi kamiyo kwance, wato na hannu, don su riƙa ɗauko kayansu da kansu, amma takardun Faransanci da rikicin layi sun sha musu kai. Yana neman ɗan gari ya shiga da rubu'i. A lokacin farashin jiragen ya farfaɗo, ya kai wajen inda muka saya, har ya ɗan ɗara. Motoci kuwa sun yi tsada, ko da mun fitar da duka ba zai sayi mota sukutum ba. Na ce wa Yaya mu fitar mu shiga tare da Kanawan. Ya ce ba zai sayar ba sai farashi ya koma inda yake kafin annoba, wanda aka nuna masa a ranar farko. Na ce masa wancan farashin na lokacin da masu jirgin ba su da yawa ne. Zai iya komawa, zai iya ƙin komawa, ba wanda ya yi mana alkawari. Ya ce na cika magana.

Na sayi goro fari mai kyau, na sa mayafina na fita unguwa, na same shi a zaure da safe. Na zauna a tabarma, na ajiye goron a tsakaninmu.

"Na meye wannan?"

"Zan fita daga jirgi. Na zo in yi maka tayin kasona."

"Da me zan saya? Kin san ba ni da shi."

"Na sani. Amma na yi maka tayi."

"Ban yarda ba."

"Ƙa'ida ba ta ce sai ka yarda in fita ba. Ta ce in fara da kai. Na fara."

Ya dubi goron. Ya san gaskiya na faɗa, shi ya koya mini ƙa'idar. Ya ɗauki ɗaya ya fasa, ya miƙo mini rabi, bai dube ni ba.

Sannan na gaya masa sauran. Akwai wata ƙofa a dokar rumfa: motar marayu ko ta matar da mijinta ya mutu, namiji daga danginta yana zama a madadinta. Wakili ake ce masa. Ana jin maganarsa, yana karɓar gurbi a layi, sai dai wurin zamansa ƙarshen benci ne. Ni mijina ya mutu, kuma zan mallaki rubu'in mota.

"In zauna da kason ƙanwata? A ƙarshen benci, wurin yara?"

"Tun mutuwar Baba kake zaune da kashi ɗaya nawa cikin uku. Bai ƙone ka ba."

"Wancan dabam."

"Dabam ne. Yanzu duka nawa ne, kuma zan biya ka ladan wakilci kamar yadda zan biya bare. In ba ka so, akwai ɗan mijina a unguwar Wemtenga, ba ya aikin komai."

"Wannan sakaran? Bai san gaban mota da bayanta ba."

"Zai koya."

"Tashi ki ba ni wuri, Auta."

Na tashi. Da rana na kira ɗan na ce ya sayar da nawa. Ya ce, "Gwaggo, Baba ya sani?" Na ce goron yana bakinsa. Ya ce ana cewa farashin zai iya ƙara hawa. Na ce ya hau, Allah ya ba masu shi sa'a. Ya ƙara hawan kuwa bayan na fita, ba kaɗan ba. Na gani, na rufe telefon na ci gaba da auna yadi. Abin da ya zo mini bai cika rubu'in ba, na cika da na shago.

Ranar zama da Kanawan, a filin da motar take, ban san ko Yaya zai zo ba. Ban sake yi masa magana ba, shi ma bai aiko ba. Mun shimfiɗa tabarma, dattijon yana kwance ƙullin goro, sai ga babur ɗinsa. Ya sa babbar riga ta Juma'a. Ya gaisa da mutane a taƙaice, ya tuɓe rigar ya miƙa mini kamar ni ce maratayi, ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar. Muna jin yana ƙwanƙwasa ƙarfe. Da ya fito, mai a goshinsa, ya ce wa dattijon, "Alhaji, wa ya sayar maka da wannan? Ka ba ni sunansa in je in gaishe shi, gwani ne." Ya lissafa abin da ya gani, ya sa aka rage kuɗin rubu'in, ba ni na roƙe shi ba. Da aka zo kan wakili, dattijon ya tambaya wa zai tsaya mana a rumfa. Yaya yana goge hannu da tsumma ya ce, "Wa kuke da shi?" Kowa ya ce ya yarda, aka shafa.

Kason jirginsa yana nan, bai sayar da ko ɗaya ba. Ɗan ya ce an fara rabon riba kaɗan-kaɗan. Ba mu cika maganar ba. Faɗanmu yanzu a kan taya ne, shi yana son sababbi, ni na ce na hannu sun isa sai mota ta biya kanta.

Sau ɗaya na bi ta tasha, zan karɓo dila a wurin wani direba. Na hango shi a ƙarshen benci. Kwanon rumfar bai kai nan ba, rabin jikinsa a rana yake. Yana magana da hannu a sama, wani matashi mai telefon biyu ya juyo yana saurare. Ya gan ni ya kawar da kai, don ba a gaida ƙanwa daga kan benci. Na ɗaure dilata a bayan babur na koma shago.